Canvey, Tsibirin da Ya Haifi Faifan Dr. Feelgood

Daga tashar Fenchurch Street a Landan jirgin ƙasa ya kai ni Benfleet, daga nan bas ta tsallaka da mu gada zuwa tsibirin Canvey da ke bakin kogin Thames. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, idan teku ya cika ruwan kan fi ta tsayi, shi ya sa aka kewaye ta da katangar kankare. Ambaliyar 1953 ta ci rayukan mutum 58 a nan. Duk wanda ya hau katangar zai hango tankunan mai da doguwar gadar sauke kaya da ta miƙa cikin ruwa. Waɗannan su ne suka ba wa faifan da ya kawo ni suna: Down by the Jetty, wato can wajen gadar jiragen ruwa.

Samari huɗu 'yan yankin ne suka kafa ƙungiyar Dr. Feelgood a 1971: Lee Brilleaux mai waƙa da busa hamonika, Wilko Johnson mai jita, John B. Sparks mai jitar bas, da mai ganguna da ake wa laƙabi The Big Figure. A lokacin manyan makaɗan rock sun koma manyan filaye, waƙa ɗaya sai ta cinye minti ashirin. Su kuwa mashaya suka riƙe, irin su Hope and Anchor ta Islington. Mashaya a Ingila majalisar unguwa ce, ma'aikaci kan zauna can bayan an tashi aiki, makaɗi na gabansa taku biyu. Daga nan salon ya sami sunan pub rock.

A Janairun 1975 kamfanin United Artists ya fitar da faifan, Vic Maile ne ya kula da naɗarsa. Zamanin da kowa ke taƙama da sitiriyo, su sai suka fitar da nasu a mono, sauti ta hanya ɗaya, ba ado. Hoton bangon ma fari da baƙi ne. Waƙoƙi kamar Roxette da She Does It Right gajeru ne, masu kaifi, ga Wilko yana kaɗa jita da yatsu tsirara, yana riƙe amo da karin waƙa lokaci guda.

Kasuwa ba ta karɓe shi da wuri ba, bai shiga jadawalin faya-fayan da suka fi sayuwa ba. Malpractice da ya biyo baya a shekarar ya kai na 17, sannan Stupidity, wanda aka naɗa a gaban 'yan kallo, ya hau na ɗaya a 1976. Amma na farkon ne ya shiga kunnen matasan da suka tayar da kiɗan punk. Paul Weller na ƙungiyar The Jam ya sha yabonsa, Clem Burke na Blondie kuma ya ɗauke shi zuwa New York ya jiyar da abokan sana'arsa.

Brilleaux ya rasu a 1994, Wilko a 2022. Fim ɗin Oil City Confidential na Julien Temple kan tarihin ƙungiyar, wanda ya fito a 2009, ya sa baƙi irina na zuwa ganin wurin. Na yarda da masu cewa wannan faifai ya fi cinikinsa daraja. Ya nuna wa yaran masu ƙaramin ƙarfi cewa mutum huɗu da tsofaffin kayan kiɗa sun isa su yi waƙar garinsu, kuma duniya ta saurara.