Kalma Ɗaya, Iyakoki Biyu

Mu da muka ɗauki shekaru muna koyar da adabi mun saba ce wa ɗalibai su karanta abin da ke kan takarda, ma'ana za ta biyo baya. Harshen Holanci, wanda ake magana da shi a ƙasashen Holan da Beljiyam da Surinam, yana sa mu sake duban wannan magana.

Al'adar masu wannan harshe ita ce su haɗe sunaye biyu ko fiye su rubuta su a matsayin kalma guda. Alal misali, “voet” ƙafa ce, “bal” kuwa ƙwallo, sai a sami “voetbal”. Galibi ƙarfin furuci yakan sauka ne a kan sashen farko, ko da yake akwai 'yan tawaye irin su “stadhuis”, wato zauren hukumar birni, inda yake sauka a kan na biyu.

Abin lura shi ne, iyakar da alƙalami ya shafe, baki bai shafe ta ba. Kalmar “hand”, wato hannu, ana furta ƙarshenta da “t”. A jam'inta, “handen”, sai baƙin ya tsallaka gaɓa ta biyu ya koma “d” sosai: han-den. Amma a “handarbeid”, aikin hannu, baƙin ba ya tsallakawa duk da wasalin da ke gabansa. Yana nan a gidansa, ana kuma jin sa da “t”, domin nan ne kalma ta ƙare, wata ta fara.

To, ina mai karatu zai san inda iyakar take? Mu dubi “massagebed”. In aka yanka ta massage-bed, aka ƙarfafa gaɓa ta biyu, gadon tausa ke nan. In kuwa aka yanka ta massa-gebed, aka ƙarfafa ta farko, addu'ar taron jama'a ce. Haruffan ba su canza ba ko ɗaya. Sai wanda ya fahimci zancen ne zai iya furta ta daidai.

Hukumomi sun yi nasu ƙoƙarin. Holan da Beljiyam sun kafa hukumar haɗin gwiwa ta harshen a 1980, kuma gyaran ƙa'idojin rubutu na 1995 ya sa karan ɗori inda wasula suka yi karo, kamar a “zee-eend”, agwagwar teku. Duk da haka gadon tausa da addu'ar jama'a suna nan cikin riga ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tunda bokonmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, har “gari” na zama da “gari” na tuwo suka zama ɗaya a ido. Saboda haka idan ɗalibi ya yi tuntuɓe wajen karanta waƙa a aji, kada mu yi hanzarin gyara masa baki. Mu fara tambayarsa abin da ya fahimta.