Kwaikwayon Barkwanci a Katun na Talabijin

Katun na barkwanci da ake nunawa a talabijin kashi-kashi, wanda ke bin rayuwar iyali guda, ya dogara ƙwarai da kwaikwayon abin da jama'a suka riga suka sani. Marubutansa kan ɗauko fitaccen fim, ko waƙa, ko talla, ko wani ɗan siyasa, su murɗa shi kaɗan, su ɗora wa mutanensu na zane. Mai kallo yana dariya ne don ya gane asalin abin, ya kuma ga inda aka karkatar da shi. Wanda bai san asalin ba, hoto kawai zai gani ya wuce.

Shirin da ya fi shahara da wannan salo shi ne The Simpsons na Amurka, wanda Matt Groening ya ƙirƙira, aka fara nuna shi a tashar Fox ranar 17 ga Disamba, 1989. Tun daga 1990 shirin ke ware kashi guda kowace shekara don kwaikwayon labaran ban tsoro. A 1994 ya maimaita fim ɗin The Shining na Stanley Kubrick, inda mai gidan, Homer, ya haukace saboda an raba shi da talabijin da giya. Family Guy na Seth MacFarlane, da ya zo a 1999, ya ƙara gishiri: ana tsakiyar labari sai a yanke, a nuna wani ɗan guntun shaguɓe kan wani tauraro, sannan a dawo. A 2007 ma kashi guda sukutum ya sake ba da labarin fim ɗin Star Wars na 1977. Zane ne ya sauƙaƙa wannan, domin mai zane ba ya buƙatar hayar tauraro ko gina fada kafin ya nuna sarki.

Raunin salon shi ne yana ɗaure da wuri da zamani. A 2005 tashar MBC ta juya The Simpsons zuwa Larabci da sunan Al-Shamshoon. Homer ya koma Umar, giyarsa ta koma lemo, aka cire abubuwan da ba su dace da al'adar masu kallo ba, shirin kuma bai daɗe ba aka daina nuna shi. Ko lokacin da The Simpsons na asali ya taɓo Najeriya, a wani kashi na 2015 mai ɗauke da wata gimbiya mai suna Kemi, an rataya wani ɓangare na dariyar ne a kan saƙonnin damfara na intanet, wato Najeriyar da Ba'amurke ya sani. Matashi a Assakio, kan hanyar Lafiya zuwa Shandam, zai iya sauke irin waɗannan shirye-shirye a wayarsa, ya ji daɗin faɗuwa da duka da shirmen Homer, amma habaicin da aka yi wa wani mai gabatar da labarai na Amurka zai wuce shi, ko da yana jin Turanci sarai.

Ita kanta dabarar tsohuwa ce a ƙasar Hausa. 'Yan kama sun daɗe suna ɗaukar waƙar babban makaɗi, su bar karin yadda yake, su mayar da yabon sarki ya zama yabon tuwo da miya. Sukan kwaikwayi malami yana fassara ga almajirai, alhali zancen duk na abinci ne. Masu sauraro sun haddace waƙar asali, shi ya sa kowace kalma da aka sauya take ba da dariya. Tashe ma, da ake farawa bayan azumi ya kai kwana goma, cike yake da kwaikwayon tsofaffi da ma'aurata da gwauraye.

Wanda ya ɗauko wannan gado ya shigar da shi fim shi ne marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan garin Ɗanlasan a jihar Kano, wanda ya rasu a Disamba 2014. Duk abin da gari ke yayi, Ibro zai sa rigarsa. A fim ɗin Ibro Awilo ya kwaikwayi mawaƙin Kwango Awilo Longomba lokacin da kiɗansa ya cika Najeriya. A Ibro Ɗan Indiya ya taɓo son da Hausawa ke yi wa finafinan Indiya. Aikin da marubutan Simpsons ke yi da zane, shi ya riƙa yi da jikinsa da muryarsa, ga masu kallon da ba sa buƙatar a yi musu bayani. Ya kuma ɗanɗana haɗarin sana'ar: fim ɗin Ibro Usama ya jawo masa fushin wasu malamai, sannan a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta Kano ta yanke masa ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Ta nan ake gane cewa kwaikwayo yana da iyaka, kuma kowace al'umma ita ke shata tata.

Gari irin Assakio, inda Alago da Eggon da sauran maƙwabta ke haɗuwa a kasuwa da harshen Hausa, yana da tarin abin da kowa ya sani: waƙoƙin siyasa na lokacin zaɓe, muryar masu fassara finafinan Indiya, musun magoya bayan Arsenal da Chelsea a gidan kallon ƙwallo, da wasan barkwanci tsakanin Barebarin Lafiya da Fulani. Da irin wannan ne ake gina katun da zai yi wa jama'a magana kai tsaye. Masu zane da marubutan barkwanci na Arewa su ne ya kamata su haɗa hannu su yi shi da Hausa, su kuma kiyaye addini da mutuncin ƙabilun da za su zauna kallonsa tare.