Ruwan Wikki da Tambayar Mai Gurmi

Biki ne ya kai mu Bauchi, ni da mahaifina, tun kafin hanyar Fada N'Gurma ta gagari matafiya. Daga Wagadugu muka bi ta Yamai da Maraɗi da Katsina da Kano. Da aka gama ɗaurin aure, wani ɗan kawuna ya ce ba za mu koma ba sai mun ga Yankari. Baba bai so ba. Ya ce tsoho mai ciwon gwiwa ba ya yawon kallon giwa. Da aka gaya masa akwai ruwan ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, sai ya nemi hularsa.

Ni kuwa da biyu na je. Sana'ata gabatar da shiri a rediyo, kuma duk inda na sa ƙafa, na'urar ɗaukar murya na aljihuna. Na ƙudura zan dawo wa masu saurare da kukan tsuntsaye da hirar masu gadin daji.

Yankari na ƙaramar hukumar Alkaleri, kimanin kilomita 110 daga garin Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Bayan an wuce ƙofar Mainamaji akwai sauran tafiya mai nisa cikin kurmi kafin masaukin Wikki. Lokacin bazara ne, tsakiyar Afrilu, ciyawa ta bushe ƙurmus, iska kamar daga bakin murhu take fitowa.

Matakala ake bi a gangara zuwa ruwan. Na riƙe hannun Baba, muna sauka ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa. A ƙasa, ruwan na ɓulɓulowa daga gindin wani jan dutse, garai-garai, har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Lita miliyan 21 yake zubarwa kowace rana, ya bi ya faɗa kogin Gaji, kuma ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina.

Baba ya tsoma ƙafa ya harare ni. "Kai, ina ɗumin da aka ce? Ai wannan ruwan randa ne." Wani ma'aikaci da ke kusa ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ka dawo da hunturu ka ji. Ruwan yana nan yadda yake, garin ne ya fi shi zafi yau." Baba ya shiga har ƙirji, ya jingina da gefe, ya lumshe ido. Rabona da ganin fuskarsa a sake haka tun ina yaro.

A nan sai na ɗan koma baya. Mu 'yan Zango ne. Kakannin Baba fatake ne masu bin hanyar goro zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, suka yada zango a ƙasar Mosi, zama ya kama su. Unguwar da suka kafa a tsakiyar Wagadugu ita ce Mosawa ke kira Zanguwetin. A 2003, ina ɗan shekara goma sha huɗu, aka rushe ta domin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci, aka warwatsa mu zuwa bakin gari. Tun ranar Baba bai ƙara ambaton gidanmu ba. In mota za ta bi ta wurin, sai ya kawar da kai.

Bayan la'asar muka hau sama, muka shimfiɗa tabarma. Matar ɗan kawuna ta buɗe kwanon masa, irin ta Bauchi mai faɗi da laushi, da miyar taushe da yajin ƙuli. Sai da aka sa yaro gadi da sanda, don birran Yankari ba su san kunya ba, a hannunka ma suna fizge abinci. Wani ayarin 'yan biki da ke gefe sun zo da makaɗinsu, dattijo mai gurmi da yaronsa mai kalangu. Da ya gama da iyayen gidansa, ya hango farin gemun Baba ya matso.

"Ranka ya daɗe, Alhaji na wane gari ne, in san inda zan ɗora kirari?"

Gabana ya faɗi. Kwana biyar muna Bauchi ana tsokanarmu da Hausar Faransa, don mukan ce lakwal a wurin makaranta. A Wagadugu kuma har gobe baƙi ake kiranmu. Baba ya daɗe yana kallon kwanon masa. Sannan ya ce, "Na Zangon Wagadugu ne. An rushe shi."

Mai gurmi bai yi masa jaje ba. Ya gyara tsirkiya ya ce, "To faɗa mini su wa ke ciki." Baba ya fara lissafi: masallacin da ya yi karatun allo, mai unguwa, mahaucin bakin hanya, tsohuwa mai furar da ake bin layi, durumin ƙofar gidanmu. Yana faɗa, makaɗin na ɗauka yana sakawa cikin kiɗa, gida bayan gida, har suka zagaye unguwar suka dawo ƙofarmu. Hawaye na bin gemun Baba, bai share ba. Ya zaro duk nairar da ke aljihunsa, ya haɗa da jaka biyar ta sefa, ya miƙa.

Sai a mota na tuna na'urar tana aljihun rigata, ban kunna ba. Na yi ta cizon yatsa har Kano. Ba ni da shirin Yankari, kuma ba ni da muryar Baba yana kiran sunayen nan.

Da muka dawo gida, gwiwar tana nan da ciwonta. Amma wata Juma'a bayan masallaci ya ce in ɗauke shi a babur, mu bi ta tsohuwar unguwa. Ya nuna mini wani dogon bene mai gilashi ya ce, "Nan durumin yake. Je ka ɗauko abin naka, ka kunna."