Kafin Ka Sayi Tayar Keke, Karanta Gefenta

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, kekuna suka yawaita a gindin bishiyoyin makarantar nan. Da can in ka zo lakca a keke sai a yi maka kallon ɗan sakandare. Yanzu kuwa sai ka yi sammako kafin ka samu inda za ka ɗaure naka. Duk wanda ya lissafa kuɗin A Daidaita Sahu, zuwa da dawowa, kwana biyar a mako, ya san dalili.

Nawa keken gwanjo ne, irin na tsere mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya. Yayana ya bar mini shi da zai tafi bautar ƙasa. Daga Rijiyar Zaki nake zuwa kullum, kuma wajen gudu ba magana, a cunkoson safe ina wuce motoci suna kallona. Sai dai waɗanda suka ƙera shi kwalta mai santsi suka yi wa lissafi, ba su san hanyarmu ba. A zangon farko na shekarar nan akwai makon da na yi faci sau huɗu. Kuɗin facin ba shi ne ciwon ba. Ciwon shi ne ka turo keke da gumi ka tarar malami ya rufe ƙofa ƙarfe takwas, an kira suna ba ka nan, ga ka a ajin ƙarshe, ga furojet a wuyanka.

Abu uku ke cin tayar mai keke a garin nan. Akwai fasasshiyar kwalba, wannan kowa ya sani. Akwai siririyar wayar da ke saura a inda aka ƙona tayar mota, wadda ido ba ya gani sai ta shige. Sai babban maƙiyi, tsidau. Ciyawar nan ce mai shimfiɗa a ƙasa da ƙananan furanni rawaya, kai ka ce ba ruwanta. Bayan damina 'ya'yanta sukan bushe su rarrabu, kowane ɓari da ƙayoyi masu tauri, ko ta yaya ya faɗi sai tsini ya kalli sama. Duk lokacin da babbar mota ta matse ka ka sauka gefen titi, cikin gonarsa ka shiga. Ko a Amurka masu keke na kuka da shi, har sunan da suka ba shi ma'anarsa ciyawa mai huda taya.

Akwai wani dattijo mai faci a hanyarmu. Ran nan ya zaro tub ɗina ya ɗaga shi sama, faci a kan faci kamar rigar almajiri, ya ce, "Yaro, wannan tub ɗin ba shi da laifi. Tayarka ce ta zama gyale." Na ce, "To Baba, wace zan saya?" Ya ce, "Mai nama." Daga wannan kalmar na fara bincike, kuma ɗan abin da muka koya a ajin ilimin kayan ƙira ya yi mini rana.

Farko dai girma. A gefen kowace taya akwai lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 28-622. Ta farko faɗin tayar ne a milimita, ta biyun kuma faɗin da'irar rim ɗin da za ta hau. Kekunan tsere na zamani 622 ne, shi ake rubutawa 700C. Tsofaffin masu inci 27 kuwa 630 ne, sannan manyan kekunan iyayenmu, su Raleigh da Phoenix, 635. Abin haushin, da 622 da 635 duk ana kiransu inci 28 a kasuwa. Wani ɗan ajinmu ya je ya ce a ba shi "28", aka ba shi ta Phoenix, ya dawo gida taya tana yawo a rim kamar zoben aro. Ka rubuta lambar a takarda ka tafi da ita, kada ka dogara da "ai duk ɗaya ne" na mai shago.

Sai naman da Baba ya faɗa. Tayar da aka yi don jure huji tana da wani ɗamara a ƙarƙashin robar da ke taka ƙasa. Wasu kamfanoni saƙa suke sawa ta zare mai ƙarfi, irin su Kevlar, zaren da ake rigar sulke da shi. Wasu kuma roba mai kauri suke shimfiɗawa yadda ƙaya za ta ƙare kafin ta kai ga tub. Schwalbe Marathon Plus ita ce sarauniya a nan, kaurin ɗamararta milimita 5. Amma fa tana da nauyi, mai faɗin 28 ta haura giram 700, kuma sa ta a rim sai ka haɗa da addu'a. Continental Gatorskin saƙa ce a cikinta, ta fi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, ta fi daɗin gudu, gefenta ma an ƙarfafa shi, sai dai doguwar ƙaya na iya samun sa'arta. Ni a ganina ɗalibin da ke ɗauke da jaka da kwamfuta a baya ba gasar Faransa zai je ba. Minti biyun da nauyi zai ci maka bai kai rabin awar da za ka yi a gindin mai faci ba.

Hattara da kalmar Kevlar ɗin nan. Wata tayar a bakinta kawai aka sa shi, a madadin wayar ƙarfe, don a iya naɗe ta a kwali. Wannan bai hana ƙusa komai ba. Haka lambar TPI, wato yawan zare a kowane inci na jikin taya: mai 120 laushi gare ta da gudu, ta 'yan tsere ce, mai 60 ko ƙasa zarenta ya fi kauri. Babbar lamba a nan ba ita ce ta fi dacewa da mu ba.

Yanzu maganar da ta fi damun kowa, aljihu. Waɗannan tayoyin daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su, ga jabu ya cika gari. Sabbi guda biyu sun fi ƙarfina, gaskiya. Abin da na yi, na tara kuɗin da na samu a aikin wayarin lokacin hutu na sayi Marathon guda ɗaya ta gwanjo mai sauran rai, na sa a baya, don baya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ita ta fi saurin cinyewa, ita ce kuma mai wahalar kwancewa saboda sarƙa. A gaba kuwa dabarar Baba muka bi: ya yanke bakin wata tsohuwar siririyar taya, ya goge gefen ya yi sumul don kada ya ci tub, ya shimfiɗa ta cikin sabuwa mai araha. In za ka sayi ta gwanjo, lanƙwasa ta a rana ka duba. In ka ga ƙananan tsaga a gefe, robar ta mutu, ajiye musu kayarsu. Ka shafa cikinta da yatsa a hankali ko akwai waya a maƙale.

Na kuma tashi daga faɗin 23 na koma 28. Mai faɗi ta fi shanye rami, amma ka tabbata akwai sarari tsakaninta da birki da jikin keken, don wasu tsofaffin kekunan tsere ba sa karɓar fiye da 25.

Wani hujin ma ba daga titi yake ba. In ka ga ramuka biyu a jere a tub kamar saran maciji, iska ce ta yi ƙaranci, ka faɗa rami rim ya datse tub ɗin. Ba tayar da za ta cece ka daga wannan, ko nawa ka saye ta. Siririyar taya tana rage iska da kanta cikin 'yan kwanaki, shi ya sa nake dubawa duk Asabar da Laraba, ina bin adadin da aka rubuta a gefenta. In kuma hujin ta ciki yake, ɓangaren da ke kallon rim, to ƙyallen da ke rufe ramukan sifok ne ya goce ko ya tsufa.

Bawul ɗin kekunan tsere siriri ne, Presta, kuma injin iskar masu faci na bakin titi na bawul ɗin mota ne, ba ya kama shi. Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kai ya daidaita su, bai kai kan yatsa ba. Nawa yana jikin makullin ɗakina. A jaka kuma akwai tub guda, ƙaramin famfo, sholisho da faci. Tun da na canza tayar baya wata biyar ke nan, huji ɗaya na samu, shi ma a gaba, kuma da Baba ya zaro abin, ƙusa ce mai inci biyu.