Yawon Tsibirai a Jirgin Ruwa

Ƙannena ɗalibai, ku nemo birnin Miami na Amurka a taswira. Daga can jirgin ruwan Icon of the Seas ke tashi tun 2024, yana zaga tsibiran Karibiyan na mako guda. Tsawonsa kusan mita 365, yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. Gari ne sukutum!

Da dare ake tafiya, a wayi gari a wani tsibiri mai farin yashi da itatuwan kwakwa. Sai dai kafin magariba kowa ya koma jirgi. Tunda can ake ci da kwana, cinikin mai gasa kifi a bakin gaɓa bai taka kara ya karya ba. Tsibirin CocoCay na Bahamas ma, inda ake yada zango, kamfanin jirgin ke riƙe da shi.