Kankaren Ƙofar Gidanmu

Mu uku ne 'yan gida ɗaya a wannan makaranta, kuma gidanmu yana Kara, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo a yammacin Jihar Kano. Da aka ce kowa ya kawo abin da za a sa a littafin shekara, sai muka ga babu abin da ya tsaya mana a rai kamar aikin da muka yi a ƙofar gidanmu lokacin hutun hunturun bara. Masu karatu su yi haƙuri da mu, labarin siminti ne da yashi da tsakuwa, amma akwai abin da ya jawo shi.

Babanmu yana da wata tsohuwar Peugeot a-kori-kura wadda yake ɗaukar buhunan dawa da masara da ita zuwa kasuwar Getso, wani lokaci har Dawanau a Kano. A wani fili da ke gefen zaure yake ajiye ta. Daga ƙofar filin zuwa bakin hanya bai fi mita 6 ba, amma wurin kwari ne, kuma duk ruwan indararon gidanmu a nan yake taruwa. Idan watan Agusta ya kama, laka takan kai mutum ƙwauri.

Wani dare cikin Agusta matar Yayanmu ta kama naƙuda. Ungozoma ta duba ta, ta ce abin ya fi ƙarfinta, a kai ta asibiti Gwarzo maza. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba ya tada mota, tana fitowa daga ƙofa sai ƙafafun baya suka nutse. Ya ba ta wuta, taya na juyawa a wuri ɗaya, laka na feshe mu. Maƙwabta suka fito da tocila, wannan ya kawo kara, wancan ya kawo dutse, muna turawa muna jin nishin baiwar Allah a cikin mota. Sai da muka yi kusan awa ɗaya kafin motar ta hau hanya. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace. Amma mun ga fuskar Baba a daren nan, kuma ba mu manta ba.

Baba bai ce komai ba har kaka ta yi. Ya sayar da gyaɗa, ya haɗa da raguna biyu, ɗaya ma na Inna ne da ta yi shekara tana kiwo. Sannan ya tara mu ya ce za a zuba kankare daga ƙofa har bakin hanya.

Nan fa gardama ta tashi. Kakarmu Iya ta ce a zamaninsu daɓe ake yi: mata su taru da madaɓi, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasa ta yi sulɓi. Maginin da Baba ya kira ya ce, "Gaskiyarki Iya, daɓe yana da kyau a ɗaki da tsakar gida, amma mota da kaya a bayanta cikin ruwan sama, damina ɗaya za ta farfasa shi." Kawu kuma ya ce a zuba marmara kawai a huta. Baba ya tuna masa cewa shekara uku ke nan ana zubawa ruwa na kwashewa.

Magini ya auna wurin, tsawo mita 6, faɗi mita 3, ya ce kauri zai zama inci 4. Ya lissafa buhu 12 na siminti, kowane buhu kilo 50. Ga kowane buhu ɗaya za a sa kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa, ruwa kuwa kamar jarka ɗaya mai lita 25. Kawu ya ce ai buhu 8 ma ya isa idan aka ƙara yashi. Magini ya dubi Baba ya ce, "Maigida, araha ba ta ado. Idan aka rage siminti, ni dai ba da hannuna ba." Baba ya sayo 12 cif.

Mu a zatonmu ranar da siminti ya iso za a fara zubi. Ashe aikin da ke ƙasa ya fi na sama wahala. Kwana biyu muka yi muna kwashe baƙar ƙasa mai laushi da shebur da baro har muka tarar da mai tauri. Aka zuba marmara, aka yayyafa ruwa, muka yi ta dannawa da guntun gungume. Iya tana zaune a bakin zaure tana dariya, ta ce, "To 'yan boko, wannan ba daɓen ba ne?" Magini ya kafa katako a gefe da gefe, ya ja igiya, ya karkata wurin kaɗan zuwa kwatar bakin hanya, domin idan ruwa ya koma gindin katangar ƙasa, cinye ta zai yi. Ya kuma raba wurin biyu da siririn katako a daidai mita 3. Ya ce kankare yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, in ba a bar masa wurin motsi ba shi zai tsaga wa kansa.

Ranar zubi gayya aka yi, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun da sassafe samarin unguwa suka hallara, mata kuma suka ɗora tukunya. Ana juya siminti da yashi da tsakuwa a bushe sau uku har su zama launi ɗaya, sannan a sa ruwa. Masu kwaɓi suka so su ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi, magini ya hana, ya ce yawan ruwa a kwaɓi shi ke raunana kankare. Mu ne masu ɗaukar kwano. Ana zubawa, ana bubbugawa da katako don iska ta fita, a ƙarshe aka ja tsintsiya a kai saboda santsi. Kafin azahar an gama, aka kewaye wurin da ƙaya saboda awaki da kaji.

Da magini zai tafi sai ya damƙa mana amana. Ya ce mu rufe da buhunan algarara, mu riƙa jiƙawa safe da rana da yamma har kwana 7, kuma kada mota ta hau sai bayan kwana 28. Mun san dalili, domin malaminmu na kimiyya ya koya mana. Siminti dutsen farar ƙasa ne da yumɓu da ake ƙonawa a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, sannan a niƙa. Wani magini ɗan Ingila, Joseph Aspdin na birnin Leeds, shi ya yi rajistar irinsa a 1824, kuma a ƙasarmu ana yin sa a wurare kamar Ashaka ta Jihar Gombe, da Kalambaina ta Sakkwato, da Obajana ta Jihar Kogi. Malam ya nanata cewa laka bushewa take yi ta yi tauri, shi kuwa siminti haɗuwa yake yi da ruwa, kuma muddin da danshi ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Iskar hunturu kuwa ba ta barin danshi.

Duk da wannan sani, ga abin da muka yi. Washegari aka yi wasan ƙwallo a Gwarzo. Kowannenmu ya tafi yana zaton ɗan'uwansa zai tsaya ya ɗebo ruwa. Muka dawo da dare a gajiye muka kwanta. Da gari ya waye sai muka tarar iska ta yaye buhunan ɓangaren bakin hanya, wurin ya yi fari fat, ga ƙananan tsaga kamar saƙar gizo-gizo.

Baba ya kira mu. Muka fara ɗora wa iska laifi. Ya bar mu muka gama, sannan ya nuna wurin da sandarsa ya ce, "Wannan rabin, ragon uwarku ne." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Da dukanmu ya yi da ya fi mana sauƙi. Muka je muka durƙusa gaban Inna muka faɗi gaskiya. Daga ranar muka rubuta sunan mai jiƙo na kowane lokaci da gawayi a bangon zaure, muka ɗora duwatsu a kan buhunan, muka kai kwana 14 muna ban ruwa maimakon 7.

Damina ta sake zagayowa, mota tana fita tana shiga ko ana ruwa. Rabin da ke ƙofa sumul yake. Rabin bakin hanya ya riƙe, amma samansa yana ɗan gari, har tsakuwa ta fara leƙowa. Baba ya ƙi a shafe shi, ya ce a bar mana shi muna gani. 'Yar da aka haifa a daren nan yanzu a kai take koyon tafiya.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman ƙannenmu na aji ɗaya, mun ci tambayar siminti a jarrabawa, amma mun faɗi a ƙofar gidanmu. Idan aka ba ku aiki ku da yawa, ku tabbata kun san wanda zai ɗauki bokiti yau.