Ƙwaron da ƙamshi ke kira



A daminar da ta wuce na je Safana gaishe da kawuna, na same shi a gonar wakensa ta bayan gari, fuska ba walwala. Gonakinsa na wajen dajin Rugu sun daɗe ba a shiga saboda 'yan bindiga, wannan 'yar gonar ce abincin gidan. Ga shi darɓa ta yi baƙi ƙirin a kan tohon, ganye ya nannaɗe yana danƙo.

Da na duƙa, sai na ga wasu ƙananan ƙwari masu sheƙi, kamar an raba ƙwayar wake biyu, da ɗigo-ɗigo a baya. Muna yara a Batsari mukan kama su mu tara a gwangwani. Larabawa na kiran wannan ƙwaro Abul Idi. Kawu ya ce, "Malam, su ma gobe feshi zai kwashe su." Na ce, "Kawu, waɗannan ai ma'aikatanka ne." Darɓa suke ci, su da tsutsotsinsu, kuma babba ɗaya kan cinye gommai a yini.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda suke gane gonar. Idan darɓa ta soki tsiro tana tsotsar ruwansa, tsiron kan sauya irin ƙamshin da yake fitarwa. A 2005 masu bincike biyu, Zhu da Park, sun nuna a Amurka cewa waken suya da darɓa ta kama yana ƙara fitar da wani sinadari, wanda ake sa wa a man zafi na ciwon gaɓoɓi, kuma Abul Idi mai ɗigo bakwai yana jinsa da 'yan ƙahonninsa ya biyo. Ita kanta darɓar, in ta firgita, tana sakin wani wari don gargaɗin 'yan uwanta, shi ma ya zama jagora ga maƙiyinta. Subhanallah! Tsiro ba baki, ba ƙafa, amma ya iya kiran agaji.

Ban ga laifin kawu ba. Yana saurayi a 1975, shekarar da kuturtar gyaɗa, wadda irin wannan darɓar ke yaɗawa, ta halaka gonaki a Arewa. Wanda ya ga wannan ba a ce masa ya jira ƙwaro. Kuma akwai dangin Abul Idi marasa sheƙi da ke cin ganyen kabewa, to shakkarsa tana da tushe.

Muka daidaita: ya fesa inda darɓar ta fi yawa, ya bar kunya huɗu ta gefen gabas. Bayan mako biyu ya kira ni. Darɓar ta ragu a ko'ina, sai dai an yi ruwa mai ƙarfi a tsakani, shi kuwa ruwan yake bai wa nasarar. Har yau ba mu gama wannan gardama ba.